Shanun da Baba Nomau Ya Hora

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi ranar da ban taɓa mantawa da ita ba a aikin gona, ranar jarrabawar Habibu ɗan Liman zan faɗa. Ku da kuka shigo aikin nan zamanin tarakta, ku gyara zama ku ji.

A shekarun hamsin ne, kafin mulkin kai, ina ƙaramin malamin gona a wata gonar horo tsakanin Faskari da Ƙanƙara. Aikinmu mu karɓi yaran da suka gama elementare ba su samu wucewa midil ba, mu koya masu kiwo da noman shanu: yadda ake ciyar da sa, a cire mashi kaska, a tara taki, a ɗaura karkiya, a riƙe garma. Yaro zai shekara guda da shanu biyu da aka ware mashi. In ya ci jarrabawa, ya kora su gida har da garma. In ya faɗi, ya naɗe tabarmarshi, shanun su jira wani.

Sama da ni akwai Babban Malami, Malam Isiyaku, mutumin Zariya, mai farar riga da agogon aljihu. Ƙasa da ni, a takarda dai, akwai Baba Nomau, lebura, Bamaguje daga wajen Mabai. Na ce a takarda, don in gaskiya za a bi, shi ne makarantar. Ni littafi na sani, kuma littafin cewa ya yi kalma uku ta ishi sa: tafi, juya, tsaya. Baba Nomau kuwa shi ya hori kowane sa a gonar tun yana maraƙi, kuma da ashar ya hore su. Kun dai san mu Katsinawa, ko gaisuwa muke sai mun ɗan sa mata gishiri. To, shi Baba da buhu yake zubawa. Ba duka, ko tsinke bai taɓa ɗaga masu ba. Da hannunshi yake ba su dusa da kanwa yana shafa masu wuya, yana ambaton iyayensu da kakanninsu ɗaya bayan ɗaya. Shanun suka tashi a haka. Ka ce "tafi" har muryarka ta dushe, sai dai su bi ka da ido suna tuƙa. Ka ce "tafi, ɗan banza," sai ka ga ƙasa tana tsagewa.

Yaran ba su sha wahalar wannan darasi ba, don da shi suka zo daga gida. Sai Habibu. Ɗan limamin wani ƙauye ne kusa da Ruwan Godiya, yaro mai sanyi, wanda ko akuya ta ci mashi tuwo sai dai ya ce Allah ya shirye ta. Wajen kula da dabba babu kamarshi. Shanunshi, Fari da Kyalla, sun fi na kowa sheƙi, sun kuma fi na kowa taurin kai. In zai yi huɗa, Baba Nomau ke bin gefenshi yana yi mashi zagin, shi kuwa yana istigfari a madadin Baba. Na sani sarai, na yi shiru, don yaron ya shiga raina. Ubanshi ya tsufa, gonarsu laka ce mai karya ƙugu, kuma saboda shanun nan kaɗai Liman ya yarda ɗanshi ya ƙara shekara a hannun 'yan boko.

Ana gobe jarrabawa, ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta yi taushi, Malam Isiyaku ya tara mu. Ya ce Baturen gona zai zo, wakilin Hakimi zai zo, an kuma gayyaci iyaye. Duk yaron da aka ji baƙar kalma a bakinshi ya faɗi, ko da kunyarshi ta fi zare miƙewa. Baba Nomau kuma ya tafi fadama yankan ciyawa, kada a ga ƙeyarshi sai baƙi sun tafi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, shanun nan fa ba su jin Hausar littafi."

Ya ce, "Malam Sule, sa dabba ne. Abin da ka koya mashi shi zai yi."

Na ce, "Ai matsalar ke nan, ranka ya daɗe." Ya duba agogonshi, maganar ta mutu.

Ƙa'idar jarrabawar ba wuya: yaro ya ɗaura karkiya shi kaɗai, ya ja kunya zuwa ƙarshen fili, ya juyo, ya kwance shanu. Ni aka tsayar can ƙarshen, wajen turken juyawa. Yaran farko duk suka wuce lafiya, 'yan nema. Suna murmushi wajen Bature, suna tauna ashar ɗin ta tsakanin haƙora, shanu na ji, mutane ba su ji. Malam Isiyaku sai gyaɗa kai yake, wai tarbiyya ta kama.

Aka kira Habibu. Ya ɗaura karkiya tsaf, har Bature ya rubuta wani abu. Ya kama garma ya ce, "Tafi." Fari ya kaɗa kunne. Ya ce, "Bismillah, ku tafi mana." Kyalla ya buɗe ƙafa ya yi fitsari, doguwar gaske, a gaban wakilin Hakimi. Yaron ya ce, "Don Allah, don Annabi." Wallahi daga inda nake ina hango zufa na bin wuyanshi. Ya san kalmar, ya san tana aiki, amma ga ubanshi zaune kan buzu a sahun gaba, da rawani da carbi. Bature ya ɗago hannu ya kalli agogo, Malam Isiyaku ya fara gyaran murya zai kira na gaba. Shi ke nan, na ce a raina, shekara guda ta tafi a banza, tsoho zai koma ma fartanya.

Sai Liman ya miƙe tsaye. Mutumin da ke jan jam'i sau biyar a rana ya ga shanunshi za su suɓuce, ya manta da Bature, ya manta da carbin hannunshi, ya daka ma ɗanshi tsawa da muryar da ake ji daga bayan sahu:

"Kai Habibu! Ɗan banza, shashasha, mi kake jira? Ubanka zai ja garmar?"

Jama'a, kafin ya rufe baki Fari da Kyalla sun zabura. Sun ji yaren gida. Saura kaɗan su fizge yaron, amma ya riƙe, ya danna garma, ƙasa ta dinga kwantawa gefe, kunya ta miƙe sak har gabana. Fili ya kaure da dariya. Wakilin Hakimi ya cusa bakin rawani a baki, kafaɗunshi na rawa.

Saura juyawa, kuma nan ba Liman, ba Baba Nomau, sai ni da turke. Habibu ya kalle ni, na ɗaga kai ina duban hadari. Ya sunkuya ya faɗa ma shanun wata magana a hankali. Suka juya kamar an murɗa su. Abin da na ji ya fito daga bakin ɗan Liman ran nan, da shi za a binne ni. Zan dai ce shekarar da ya yi kusa da Baba Nomau ba ta tafi a banza ba.

Malam Isiyaku ya so ya kawo zancen dokarshi. Bature, wanda ke jin Hausa daidai gwargwado, ya ce dokar ta yara ce, bai ji an ambaci limamai ba. Sannan ya tambaye ni ko wannan umarni yana cikin littafi. Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, na Katsina ne." Ya sa hannu a takardar Habibu.

Da Baba Nomau ya dawo da damin ciyawa aka ba shi labari, ya je ya durƙusa gaban Liman ya ce, "Malam, ashe kai ma ka iya noma." Liman ya ce ya tashi ya ba shi wuri.

Tun daga ranar, duk gonar da aka kai ni, kafin in buɗe littafi sai na nemi tsohon leburan wurin na tambaye shi da me dabbobin suka saba, don su ba su san an yi ma wani ƙarin girma ba. Na kuma daina yi ma kowa shaidar tsarkin baki sai na gan shi bayan garma.

Damina biyu bayan haka na bi ta ƙauyensu duba shanun. Na iske Habibu da ƙannenshi zaune a gindin ɗorawa bakin hanya, hannu rabbana. Na ce ina Fari da Kyalla? Ya nuna can ƙarshen gona, inda wani farin rawani ke bin garma. Ya ce, "Babanmu ne. In zai yi huɗa, cewa yake kowa ya matsa nesa, zai yi wuridi."