Abin da Kaka Bai Ji Ba a Cikin Kafireta

Shekaranjiya wani mai babur ya gifta ta gabana fetur na ɗiga daga injinsa. Warin na bugun hancina sai na gan ni a gidanmu na Nassarawa, gindin mangwaron da tsohuwar jif ɗin kakana take kwana. In ka taɓa zama kusa da motar da mai ya yi wa yawa, ka san warin da nake nufi, wanda yake sauka har maƙogwaro.

Koriya ce, ko in ce ta taɓa zama koriya. Kaka ya saye ta a gwanjo da ya ajiye aikin gandun daji, kuma ita ke kai shi gonarsa can gaba da Gezawa, inda hanya ke zama taɓo da zarar ruwa ya sauka. Motar Babanmu ko tunkarar wurin ba ta yi. In babu jif babu gona, kowa a gidan ya san haka.

Ina firamare, a wata bazara mai zafin gaske, jif ta fara tari. Aka kira bakanike daga Hotoro ya kwance kafireta, wato 'yar tukunyar da ke gauraya fetur da iska kafin inji ya sha. Ya wanke, ya busa da baki, ya mayar, ta tashi lafiya lau a gabansa. Washegari ko ƙofar gida ba ta kai ba ta turnuƙe mu da baƙin hayaƙi ta mutu, fetur na tsiyaya ta gefe.

Baba ɗan fari ne, ba ya haɗa ido da Kaka. Ya durƙusa daga nesa ya ce, "Alhaji, motar nan ta gaji. In ruwa ya sauka ba ta tashi ba, a bar wa 'yan gwangwan, gonar kuma a ba wani ya noma." Kaka bai tanka ba. Na ɗauka fushi ya yi.

Da safe ya shimfiɗa buhu, ya aro farantin Inna, ya zazzage kafireta a ciki. Ni kuwa na liƙe masa, don tsakaninmu akwai wasan kaka da jika: shi ya ce mini amarya, ni in ce masa ango, in faɗa masa duk abin da ya zo bakina. Gyaransa abu ɗaya bayan ɗaya ne. Ya zare fulogi ya nuna mini, baƙi ƙirin kuma a jiƙe, ya ce mai ne yake yawa. Ya duba matatar iska, ya duba 'yar allurar da ke tsayar da fetur. Sai ya ɗauko wani abu kamar ƙwan zabo na tagulla, babu komai a cikinsa sai iska. Shi ne ke yawo a saman fetur, in tukunya ta cika ya taso ya rufe hanya. In ya huje ya sha mai, sai ya nutse, fetur ya yi ta ambaliya. Kaka ya kai shi kunne ya girgiza.

"Wannan lafiyarsa ƙalau," in ji shi.

Ya haɗa, ya tayar, hayaƙi ya sake turnuƙewa. Haka ya yi ta kwancewa yana haɗawa, kullum ƙwan nan yana tsallake bincike, hadari kuwa ya fara leƙowa daga gabas da yamma. Ni duk abin ya ɗaure mini kai, don ban taɓa ganin abin da ya gagari hannun Kaka ba.

Wata rana da hantsi ya juya neman sifana, na ɗauki ƙwan don in ga me ke cikinsa. Na girgiza a kunnena, na ji cakal-cakal.

"Ango, wa ya zuba wa ƙwanka ruwa?"

Ya karɓa ya kai kunnen dama. Ya mayar na hagu. Ya ce ba ya jin komai.

"Ai kunnenka ne ya mutu, tsoho! Kowa ya sani. Jiya Inna ta yi ta yi maka sallama kana kallon bishiya."

Ludayi ya suɓuce daga hannun Inna a ƙofar kicin. Maigadin gidanmu ya ba mu baya. Ashe an daɗe da sani. An daɗe ana ɗaga murya da dabara, ana maimaita magana kamar mai tuna wa kansa, amma babu ɗa ko suruka da zai iya duban Alhaji ya ce ya kurmance. Jika kaɗai al'ada ta sakar wa baki, ni kuma ban ma san na faɗi wani abu ba.

Ya daɗe yana jujjuya ƙwan a hannunsa. Na ji tausayinsa har na so in ce wasa nake yi. Can ya ce a kawo ruwan zafi a kwano. Ya bi ɗinkin tagullar da farce, sai ga sabulu. Bakaniken ya ga tsagar ya liƙe da sabulu, yadda direbobi ke yi wa tanki in ya huje a hanya, tunda fetur ba ya narkar da shi. Sai dai ya rufe da man da ya riga ya shiga ciki. Da aka tsoma ƙwan a ruwan zafi, ƙananan kumfa suka yi ta fitowa a jere. Ya shanya shi a rana, mai gyaran rediyo ya toshe tsagar da dalma.

Da kunne Kaka ya saba saita injinsa. Ran nan da ya tayar, sai ya ce, "Amarya, in ta daina tari ki ɗaga hannu." Yana murza sukudireba a hankali, idonsa na kan fuskata. Muryar jif ta daidaita, hayaƙi ya washe, na ɗaga hannu.

Baba ya fito ya tsaya. Kaka ya rufe bonet, ya zagaya, ya wuce wurin sitiyari ya zauna a kujerar gefe. Ni ya kalla, ko da yake ɗansa na nan tsaye.

"Ki gaya wa yaron nan motar ba ta gaji ba. Ya nemo mini direba."

Sai da na girma na gane Baba bai taɓa damuwa da jif ba. Tsoronsa manyan motocin titin Haɗejia, da hon ɗin da Kaka ba zai ji ba. Ya rasa yadda zai faɗa, ya ɗora wa mota. A daminar nan Kaka ya yi nomansa, yana gefe yana yi wa direba faɗa a kan kowane rami.

Yau an yanka filin gidan an yi benaye, motata kuma in ta yi ciwo na'ura ake jona mata ta faɗi da kanta. Mutum ne har yanzu ba a samo masa wannan na'urar ba. Baba ya tsufa. Talabijin ɗinsa har waje ake ji, ka tambaye shi jiki ya ba ka amsar kasuwa, kuma shi ke tuƙa kansa zuwa masallacin Juma'a. Ina ɗaga murya da dabara, na kasa faɗa masa. Amma ina da 'ya mai bakin tsiya, wadda yake kira amarya. Ranar Asabar zan kai masa ita, in bar su su biyu a falo.