Sifikar Da Ta Iya Raɗa

Mai Zare ake ce mata, don shekara ashirin ke nan tana saƙa rigunan jarirai a ɗan falonta. Baiwar Allah ba ta iya karatu ba, da kunne take hadda. 'Yarta ta bar mata tsohuwar kwamfuta cike da karatun Alƙur'ani, sai dai ba ta magana sai da sifika. Ga maigidan kwance a ƙuryar ɗaki tun da ciwo ya kayar da shi. Da ƙyar yake samun barci, ƙara kaɗan kuma ta tashe shi.

Ta je shago da ɗan abin da ke hannunta. Mai shagon ya jona wata ƙatuwar sifika, ya sa karatu, ya murɗe ta har gilashi na rawa.

"Mama, wannan har layin baya za a ji."

"Ɗan nan, ni ba taro zan tara ba. Rage. Ƙara ragewa."

Sai karatun ya koma gunguni, kamar mai magana cikin bokiti. Haka ta sa ya yi wa guda huɗu, har ya fara gumi. Ta biyar 'yar ƙarama ce mai araha, amma da aka rage ta can ƙasa, kowane harafi na fita tas, har numfashin mai karatun.

"Ihu ai kowa ya iya," in ji ta. "Ƙulle min wannan."

Yanzu, alhamdu lillahi, ta kai rabin Tabara, maigidan kuwa ko juyi ba ya yi.