Bahago da Allurar Bature

Duk wanda ya zauna Ƙofar Doka wajen 1958 ya san Bahago ɗan tauri. Ko suna za shi, sai ya jera wuƙaƙe a ƙugu a ƙarƙashin riga. Ni dai ban taɓa ganin an gwada masa ko aska ba, bakinsa ne shaidarmu.

A shekarar ne wani Bature mai binciken sama ya gina ɗan ɗakin ƙasa a bayan ganuwa, babu ƙusa ko ɗaya, ya rataye allurar maganaɗisu a ciki. Wai duniya tana da maganaɗisu da ya miƙe har can sama, wata iska daga rana tana dukan iyakarsa yana kaɗawa, ita kuma allurar tana rawa. Ya nemi mai gadin da zai hana ƙarfe zuwa kusa. Mai unguwa ya ce ai faɗuwa ta zo daidai, suna da mai maganin ƙarfe.

Bahago ya kama aiki. Ya kori manoma da fartanyoyinsu, ya hana masu keke wucewa. Amma shi da ya leƙa ɗakin sai allura ta hau karkarwa. Kafin la'asar gari ya ji cewa ƙarfen Turawa ma tsoron Bahago yake.

Da Bature ya gaji, ya sa aka ɗaga wa Bahago riga. Tafinta ya ce, "Ko wuƙaƙe, ko aiki."

Bahago ya kwance su ya kai wa matarsa Jummai. "Riƙe mini. Gobe za su gane ni allurar take tsoro."

Gari ya waye ya shiga ɗakin, allura ko gezau. Ya yi gyaran murya, ya zare mata ido, tana nan kwance. Ran da kuwa aka aike shi unguwar Tukur-Tukur, a ranar allura ta yi rawar da ba ta taɓa yi ba, Bature yana tsalle yana nuna rana. Wallahi na ji tausayin Bahago.

Bahago ya dawo gida, ya tarar Jummai tana yanka kuɓewa da babbar wuƙarsa. Ya kai hannu ya fizge, wuƙar ta tsaga masa yatsa, jini ya tsarto. Jummai ta ɗaure masa da tsumma, ta rantse ba wanda zai ji. Maƙwabciyarta kaɗai ta gaya wa.