Hannun Mai Zanen Agogo

A lungun wani shagon agoguna a titi na 47 na wani birnin Turawa, na ga wani dattijo yana zaune da gilashin ƙara girma maƙale a idonsa. Hularsa irin ta 'yan Damagaram ce. A gabansa akwai tsohon zanen Turawa na ganyaye da suka murɗe suka shige juna, shi yake sassaƙawa a bayan agogon zinare da ɗan siririn ƙarfe. Ina jin a maƙerar azurfa ya tashi.

Yana cikin lanƙwasa wani ganye, sai hannunsa na dama ya soma rawa. Ya janye ƙarfen da sauri, ya cusa hannun ƙarƙashin cinyarsa ya danne. Idonsa na kan ƙofar ofishin mai shago. Zinare ba ya ɓoye kuskure, agogon kuma ba nasa ba ne.

Na yi masa sallama a hankali. Jin Hausa bai faranta masa rai ba.

"'Yata," in ji shi ƙasa-ƙasa, "ba ki ga komai ba."

Ƙofar ofishin ta buɗe. Ya zaro hannun, ya ɗora bakin ƙarfen a kan ganyen da bai ƙarasa ba.