Malam Hambali, Mutumin da Ya Toshe Mana Ramin Filas

Kullum da safe mashin ɗin Malam Hambali ne na farko a ƙofar cibiyar jami'a da ke nan Birnin Kudu. Daga Sundimina yake tahowa. Ya yaye yadin da ya lulluɓe kwamfutoci, ya kakkaɓe su, in babu wuta ya tayar da janareta, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. A watan nan zai bar aikin nan, shi ya sa na ce bari ni ma in yi magana, duk da na fi sabawa da sauraro.

Shi ke kula da kwamfutocin da dukanmu muke amfani da su, kuma ya kulle abubuwa da yawa. Ramin filas, wato inda ake soka ɗan abin nan na ɗauko aiki daga wata kwamfuta, a toshe. Ba ka kwaso aikin wani ka liƙa a naka. Ɗalibai har Malam Kulle suke ce masa.

Mu da muka zo boko da furfura muka fi jin jiki, don yaran ajinmu sun saba buga mana aiki a gida saboda girmamawa, su miƙo a filas.

Wata rana ina zaune Hajiya Mairama ta shigo da nata. Malamar asibiti ce daga Gwaram, kuma jarrabawar bana ce damarta ta ƙarshe, in ta faɗi ba digiri.

"Hambali, buɗe mini ramin nan. Sa'ar uwarka ce ni fa."

"Shi ya sa ba zan buɗe ba, Inna. A kwamfuta za a yi jarrabawar, kuma ke kaɗai za a bari ki shiga."

"Waɗannan yatsun, allura suka sani!"

"Yatsun da ke nemo jijiyar jariri ne za su kasa nemo harafi?"

Ɗaki ya kwashe da dariya, ita kuwa ta wuce ofishin shugaba ta kai ƙara. Aka kira shi, bai sauya ba. Sai dai ya buɗe mata manhajar koyon bugu, ya jawo kujera gefenta. Tana dannawa da yatsa ɗaya tana yi masa faɗa, yana cewa, "Na ji, Inna, ci gaba." Haka suka yi har damina ta wuce.

Ranar da sakamako ya fito, daga bakin titi muka jiyo guɗa. Ta ci! Wallahi har direbobin bas na Gwaram sai da suka leƙo.

Malam Hambali, kai ne mai hanawa don a samu. Ka sha baƙar magana daga iyayenka, ba ka rama ba, ba ka kuma buɗe ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Wanda zai gaji kujerarka, don Allah, in mu dattawa mun zo da roƙo irin na Hajiya, ya gaishe mu da ladabi, ya ba mu kujera, ya ce a'a.