Malam Ɗantsoho, Wanda Ya Hana Baba Elisha Ajiye Kiɗa

Kullum da hantsi Malam Ɗantsoho yana bakin rumfarsa a Damba, tabarau ɗaure da zare, yana gyaran rediyoyin mutane yana yi musu faɗa kamar suna jinsa. Shekara talatin da takwas ke nan. Bana ya ce idanu sun gaji, zai ajiye sukudireba, ni kuwa na ce ba zai tafi shiru ba.

Ni Esta, 'yar mawaƙan coci ce a Gusau. Mai kaɗa mana kibod, Baba Elisha, makaho ne. Tsohon kibod ɗinsa ya girme ni, kuma kowane maɓalli da yatsa ya san shi. Bara muryar kibod ɗin ta mutu. Aka sayo sabo mai gilashin shafawa, sumul, babu abin lalube. Baba ya shafa, ya shafa, ya naɗe hannu. Dattawa suka fara maganar neman wani makaɗi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na kai tsohon wurin Malam Ɗantsoho. Ya buɗe, ya auna, ya ce, "Ɗiyata, wanga bakinsa ne ya mutu, hannunsa na nan. Shi zai ba da umarni, sabon ya yi magana."

Sai dai haɗa su na buƙatar waya mai filogi mai haƙori biyar. Ya nema a Gusau, babu. Ya je Tsafe, babu. A Bungudu dariya aka yi masa, wai tsoho na neman tsohon kaya.

"Su yi ta yi," in ji shi. "Ban ce na gaji ba."

A kasuwar Mada ya tono filogi biyu cikin tarkacen rikoda, ya haɗa wayar da hannunsa. Sau uku tana ƙi, yana warwarewa yana sakewa.

Kai ne, Malam, ka tsaya a ƙofar cocin da hularka, ka ce mu gwada. Na-Hafsatu, gagara-gajiya! Mun gode, Allah ya saka. Masu gyara na baya, kafin ku ce abu ya mutu, ku buɗe ku duba.

Baba Elisha ya ɗora yatsu inda ya saba, sauti ya fito daga sabon da ke bayansa, wanda ba kowa a gabansa. Bai juya ba. Ya ce, "Esta, ina muka tsaya?"