Ƙanzon Gonarmu

Iya ba ta taɓa kiran sunan Baba ba. Ɗanta ne na fari, saboda haka har furfura ta cika masa gemu "yaron nan" take ce masa, ko ido ba ta cika haɗawa da shi ba. To mutumin da ba ka iya kiran sunansa, ta ina za ka yi masa faɗa? Iya dai tana da hanyarta. In magana ta taru mata a ciki, sai ta jira lokacin tatsuniya.

A gidanmu na Nguru, in sanyi ya shigo bayan kaka, da an idar da magariba an ci tuwo sai mu yara mu kewaye murhun da ke ƙofar ɗakinta. Takan binne mana gurjiya a toka, kuma wanda ya kai hannu kafin ta ce ta nuna, ya sha muciya a yatsa. Ni na fi kowa shan muciyar nan, don tun ina ƙarama ba ni da haƙuri, har yau ma ban samu ba. Baba kuwa yana can bayan zana a kan tabarmarsa yana jiran kiran isha. Zana ɗaya ce ta raba mu da shi, ko tari aka yi a nan ana ji a can, kuma Iya ta san da haka sarai.

Sai na faɗi yadda gonar take kafin a gane abin da ya haɗa su. Kakanmu, mijin Iya, fatauci ne ya kawo shi daga Haɗeja, ya zauna, Bulama ya yanka masa gona a kan hanyar Machina. Rairayi ce, amma ita ta riƙe gidan da gero da wake, ba mu san awo a kasuwa ba. In an yi girbi ba a kwashe kara, ba a share ko tsinke. Ana gama kai damman gero rumbu sai wani makiyayi, Bappa Manu, ya gangaro da shanunsa daga wajen Yusufari, ya kafa mashekari a tsakiyar gonar. Shanu su ci kara, su kwana, su bar taki. In wuri ya ƙoshi sai ya matsar da su gaba, har ya zagaye gonar kaf kafin bazara. Baba ya aika masa da gero da kanwa, matarsa ta aiko mana da kindirmo. Ba a taɓa yin ciniki a kai ba. Mahaifin Bappa Manu da kakanmu suka fara, 'ya'yansu suka tarar.

Ina 'yar firamare wani kamfani ya buɗe rumfa a Gashua yana neman riɗi. Za su ba ka iri, su ba ka takin zamani, su turo tarakta ta yi maka huɗa, in ka girbe su saye. Abin da suke so kawai, a share gona tas. A daidai lokacin kuma masu turke raguna da bijimai a gari suka fara sayen kara da harawa, abin da a da ake bari a ƙasa ya zama kaya. Da Bappa Manu ya iso a shekarar, ya tarar an ɗaure kara ana lodawa a amalanke. Baba ya yi masa bayani a tsaye a bakin gona. Mutumin bai yi musu ba. Ya biyo gida ya durƙusa ya gaida Iya, ya ajiye mata man shanu a ƙaramar ƙwarya, ya ce, "Ba komai, Iya, ƙasar Allah da faɗi." Ita ko godiyar kirki ta kasa yi masa, don kunya.

Ran nan da muka taru ba ta binne gurjiya ba. Ta gyara itace, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata."

Muka ce, "Ta shigo, Iya, akwai wuri."

Ta ce wai an yi wata tsohuwa mai tukunya guda. Tukunyar nan kullum da safe a cike take da tuwo, ba surfe, ba niƙa. Sharaɗinta ɗaya ne: in an kwashe, a bar mata ƙanzonta, wato ɓawon tuwon nan da ke manne a gindi, kada a kankare. Da tsohuwar za ta mutu ta kira ɗanta ta ce, "Ci ka ƙoshi, ka ba baƙo, amma ƙanzo ba naka ba ne." Ɗan ya riƙe maganar, ya yi aure, ya hayayyafa, tukunya tana ciyar da su.

Wata rana sai ga ɗan koli da wani farin gari a ƙunshi. Ya ce in aka barbaɗa shi a tukunya, tuwo zai taso har ya ture murfi. Aka gwada, haka kuwa aka yi, har maƙwabta suka samu. Sai ɗan koli ya leƙa ciki ya ce, "Wannan dattin fa? Mai farin garin nan ba ya buƙatar ƙanzo. Kankaro mini, zan saya." Ɗan tsohuwa ya sa mara ya kankare tas, ya wanke tukunya har tana ƙyalli.

Iya ta ce, "Da fari da kan yatsu ake zuba garin. Aka koma cokali. Aka koma ludayi, tuwon kuma bai ƙaru ba. Ran nan aka wayi gari ɗan koli bai zo ba. Suka buɗe tukunya, wayam. Suka hura wuta, suka zuba ruwa, ruwan ya bi ta gindi ya kashe wutar. Ashe ƙanzon nan shi ya toshe tsagar da ke gindinta tun zamanin kakanni."

Nan ta tsaya. Muka jira a ce aljani ya fito ko tsuntsuwa ta kawo magani, don haka tatsuniyoyinta suke ƙarewa. Na ce, "Iya, sai me ya faru?"

Ta ce, "Sai yunwa, uwar surutu. Nan na ajiye ta, mai so ya ɗauka."

Daga bayan zana muka ji Baba ya yi gyaran murya, ya ja takalmansa ya fita masallaci, alhali ladan bai ko taɓa lasifika ba. Ni haushi ne ya kama ni. Na ce wannan ai ba tatsuniya ba ce, ba waƙa, ba dodo, ga shi ba gurjiya. Iya ta kai mini muciya ta kuskure.

Abin da ya fi ci mata rai, shekarun farko gaskiya ta zama kamar ta Baba. Riɗi ya yi kyau, geron da Baba ya sa wa takin kamfa da yuriya a gefe ya yi zangarniya kamar hannun ƙato. Aka cire bunu aka sa kwano a ɗakuna, har da na Iya, Baba ya sayi babur. Mu yara muka riƙa tsokanarta muna cewa, "Iya, ina ɗan kolinki? Har yanzu bai gudu ba?" Sai ta ce, "Ku ci dai, 'yan nema. Goro ma yana hana jin yunwa, amma ban taɓa ganin wanda ya yi ƙiba da shi ba." Manoman da ke kewaye da mu duk suka bi sahun Baba, har ya zama in ka bi hanyar Machina da rani ba ka ganin mashekari ko ɗaya.

A hankali abin ya zo, shi ya sa ba wanda ya firgita da wuri. Buhun takin da ke isar gefen gabas ya daina isa. Ƙasar da muka sani da ɗan duhu-duhu in an tona ta koma fara fat, ruwa na sauka yana wucewa. Da yake ba kara a kwance, iskar da ke gaban ruwan farko ta riƙa kwasar yashi tana binne shuka, sai an sake iri. Wata shekara taki ya yi wuyar samu, bai iso ba sai da gero ya kusa fidda kai. Wata shekarar ya zo da wuri, Baba ya zuba, ruwa ya ɗauke, shukar ta ƙone kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Kamfanin ya naɗe tabarmarsa ya koma inda ƙasa ke da sauran ƙarfi, ko sallama ba su yi ba. A shekarar na fara ganin an shigo da awo gidanmu a buhu, mahaifiyata ta karɓa tana share hawaye da gefen zane.

Na zama budurwa lokacin da Baba ya haƙura ya hau mota zuwa Kumagannam ran kasuwa, neman Bappa Manu. Da ya dawo bai nufi tabarmarsa ba. Ya zagayo zana ya tsugunna a gefen murhu, a cikinmu, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce da Iya Bappa Manu ya rasu tun bara a cikin Nijar, can suka koma da shanu da gonakin nan suka rufe. Ɗansa Buba ya samu. Buba ya karɓe shi hannu biyu, ya shimfiɗa masa buzu, ya sa aka dama masa fura. Baba ya roƙe shi ya dawo da shanu gonar ko rani ɗaya ne, a koma yadda iyaye suka yi.

Baba ya ce, "Iya, yaron bai yi mini rashin kunya ba. Cewa ya yi, 'Baba Alhaji, wallahi ba don abin da ya wuce ba ne. Na bi ta gonarka da kaka, na gani da idona. In na kai shanu can, me za su ci?'"

Na zuba wa Iya ido, ina jiran ta ce ai ga irinta nan. Wallahi da ni ce da na faɗa, har da ƙari. Ita kuwa sai ta juyo gare ni ta ce, "Ke, tashi ki ba yaron nan ruwa, ya sha hanya." Daga ranar ba ta sake yin tatsuniyar tukunya ba, ko mun roƙa, har Allah ya karɓi abarsa.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar kwaɗayi ce, irin wadda ake tsorata yara da ita. Yanzu da nake da nawa 'ya'yan a Gashua, na san Baba ba makwaɗaici ba ne. Bakuna ne suka yi masa yawa, ga makaranta, ga asibiti, ga mutum a ƙofar gida yana cewa zai sayi abin da kake bari a ƙasa. Wa zai ƙi? Kuma ban ce takin zamani mugun abu ba ne. Maigidana yana noman tattasai a fadama, yana zuba shi, amma sai ya fara shimfiɗa kashin shanu, wanda yanzu shi ma saye ake yi a mota, ana rububi. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne har gobe ba a daina ba. Duk kaka ina tsaye a ƙofar gida ina ganin manyan motoci sun yi lodin kara da harawa har sun karkace, sun nufi kudu. In damina ta matso su dawo da buhunan taki. Wani lokaci ji nake kamar in tare hanya in yi ta ihu, sai in tuna wanda ya sayar ɗin yana da yara a gida.

Baba ya rasu ba tare da ya sake cika rumbu ba. Da aka zo rabon gado, yayyena maza suka yi ta ja-in-ja a kan shagon kasuwa da gida, har sai da malamin da ke rabon ya tsawatar. Da aka ambaci gona kuwa, kowa ya sunkuyar da kai. Gonar da ta ciyar da kakanmu, ta ciyar da Baba, ta ciyar da su har suka yi gemu, aka rasa mai cewa a ba shi. Raina ya ɓaci, na ce a sa ta a rabona. Babban yayana har da dariya, wai me zan yi da yashi.

Tun daga lokacin nake tara kashin awakina da sharar turke a buhu, in aika Nguru wurin wani dattijo da ke duba mini ita. Na hana a cire ko kara ɗaya, in ma an samu karan. Bara na je da kaina, ya kai ni wani gefe da bai fi faɗin tsakar gida ba, inda gero ya tsaya da ƙafarsa, sauran gonar kuwa fari fat har iyakar ganina. Na tambaye shi yaushe za ta dawo yadda take. Ya tsugunna ya damƙi ƙasar, ya murza, ya bar ta ta zube ta tsakanin yatsunsa.

Ya ce, "Hajiya, in ba a gaji ba, jikokinki za su ci. Ni da ke dai sai dai mu zuba."